Tattabarun Malam da Baƙuwar Tururuwa

Kwana biyu da rasuwar Malam na sa aka kashe cinnakun gidanmu. Ni na ce a yi, da bakina, don haka ba zan ɗora wa kowa ba.

Gidanmu a Yalwawa yake, ɗaki uku da tsakar gida mai yashi. Tun da aka kawo ni na tarar da ramukan cinnaka uku a ciki: ɗaya a gindin katangar gabas, ɗaya kusa da randa, ɗaya a ƙarƙashin rumfar tattabaru. Shekara ashirin da biyu muna zaune tare. Sun cije ni, sun ciji 'ya'yana tun suna rarrafe har suka girma suka bar gida. Duk ranar da na ɗauko tafasasshen ruwa sai Malam ya ce, "Ƙyale su, ba su tare miki hanya ba." Bai taɓa faɗa mini dalili ba. Na ɗauka tausayi ne irin nasa.

Ranar nan mata sun cika tsakar gida ana zaman makoki, an shimfiɗa tabarmi har bakin randa. Wata gwaggona da ta zo daga Haɗeja tana tsakiyar addu'a sai ta zabura ta miƙe tana kakkaɓe zani.

"Wayyo Allah! Wane irin gida ne wannan, ka zo gaisuwa a cinye ka da ranka?"

Wata daga baya ta ce, "Gwaggo, su ma gaisuwa suka zo yi miki."

"Gaisuwar uwarsu! Ku duba ƙafata."

Mata suka rufe baki da mayafi suna dariya. Ni kunya ce ta kama ni. Mutane sun taso daga nesa saboda mijina, ga shi ko wurin zama ban iya ba su ba. Na ce a dafa ruwa. Aka ɗura a ramukan uku, aka bi da kananzir, da yamma wani ya kawo fiya-fiya aka ƙara. Washegari aka share gawarwakinsu baƙi ƙirin, suka kusa cika matankaɗi. Kowa ya zauna lafiya har aka yi sadakar bakwai aka watse.

Malam direba ne, tsakanin Dutse da Kafin Hausa yake jigila. Bai bar dukiya ba. Abin da ya bari mai rai iri biyu ne. Na farko tattabarunsa, su goma sha shida, a rumfar da ya kafa da hannunsa, ƙafafun katako huɗu da tsofaffin tukwane a kwance a sama. Kullum kafin ya tafi tasha sai ya watsa musu dawa ya tsaya yana kallonsu har shayinsa ya huce. Na biyu dashe biyar a baƙar leda, mangwaro uku da lemo biyu, da ya saya wajen wata babbar mota da ta zo daga kudu, mako biyu kafin ya kwanta. Ya jera su a inuwar katanga ya ce sai ruwa ya sauka zai dasa. Bai ga saukar ruwan ba.

Na shiga takaba a tsakiyar zafi. Yayar Malam ta dawo gidan don ta zauna da ni. Yaya muke ce mata, ita kuma har yau Amarya take ce mini. Ita ta ɗauki nauyin ba dashen ruwa, safe da yamma, har ƙasar wurin ba ta bushewa. Ni kuma na ɗauki tattabaru.

Mai takaba ba ta da wurin zuwa, don haka idonta a ƙasa yake wuni. Ta haka na fara ganinta, a mako na uku, a jikin ledojin. Tururuwa ce ƙarama, baƙa-baƙa, mai dogayen ƙafafu da ƙahonni sirara kamar zare. Ba ta bin layi irin na tururuwar da muka sani. Gudu take yi, ta yi nan ta yi can kamar wadda aka biyo. Ta hau ƙafata, ban ji cizo ba. Abin da ba ya cizo wa zai kula da shi? Na bar ta.

Kafin arba'in na lura da wasu abubuwa, ban dai haɗa su wuri ɗaya ba. Kiyashin da na yi shekaru ina faɗa da shi a gwangwanin sukari ya ɓace, har na yi murna. Shazumamun da ke hawa katanga da magariba shi ma na daina ganinsa. Duk inda ɗigon mai ya faɗi, ko ƙashin kifi, kafin in juya baƙuwar ta rufe shi. Tururuwar hatsi kuwa, mai rami a bakin zaure, tana nan tana jan geronta, ba wanda ya taɓa ta, don baƙuwar ba ta damu da busasshiyar tsaba ba. Gara ta fara hawa ƙyauren kicin, abin da ban taɓa gani ba a gidan. Ganyen lemon nan biyu ya cika da darɓa, yana danƙo, baƙuwar tana hawa tana sauka a kansa wuni guda.

Wata safiya na leƙa tukunyar farko na tarar da 'yan shila biyu da aka ƙyanƙyashe jiya. Ba zan faɗi yadda na gan su ba. Baƙuwar ta shiga musu ta ido da baki. Uwar tana kan katanga tana kallona.

Bayan kwana shida aka sake, a tukunya ta uku. Wannan karon ko fita daga ƙwai ba su gama ba. Ɗan ya huda ɓawo, ita kuma ta bi ta hudar.

Daga nan tattabarun suka fara tafiya. Biyu-biyu suke tashi. Da safe in watsa dawa in ƙirga, sha huɗu, bayan kwana biyu sha biyu, sai goma. Ba su mutu ba, ina hango wasu a kan rufin wani gida can wajen masallaci. Gidan ne suka ƙi.

Yaya ta ce, "Amarya, ki daina wahalar da kanki. Tattabara ta san mai ita. Mai su ya tafi, me za su zauna yi?"

Na ce, "To, Yaya."

Amma ban yarda ba, kuma ban so in yarda ba. Idan suka ƙare, da safe babu sauran abin da zai yi motsi a gidan nan irin yadda yake yi lokacin da yana nan. Wata biyu da rabi da rasuwarsa saura biyu: fari mai ja a wuya, da matarsa shuɗiya. Su ne tsofaffin cikinsu. Na ga suna ɗaukar tsinke suna kaiwa tukunyar ƙarshe, na san za su gwada sau ɗaya. Idan aka cinye musu, su ma za su bi sauran.

Maƙwabciyarmu ta jikin katangar gabas 'yar Filato ce, Kirista, malamar gona ce a ma'aikata. Malama muke kiranta. Tun rasuwar ba ta fasa leƙowa ba idan ta taso aiki. Wata rana da ta leƙo na kai ta gindin rumfar na faɗa mata komai. Ta tuɓe takalmi ta tsuguna, ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Maman yara, kina da busasshen kifi?"

Akwai ragowar wanda Gwaggo ta kawo daga Haɗeja. Malama ta gutsura biyu, ta ajiye ɗaya a gindin randa, ɗaya can bakin zaure. Kafin ta gama gaisawa da Yaya duk biyun sun yi baƙi. Ta ɗauko na zaure a kan ganye ta ajiye shi a jikin na randa.

"Ki duba da kyau. Suna faɗa?"

Na duba. Suka cakuɗe kamar 'yan ɗaki ɗaya, kowa na cin rabonsa.

Ta ce, "A gidana akwai ramin cinnaka biyu. Idan na ɗauko na wannan na jefa a wancan, kafin ki ƙirga goma sun raba shi biyu. Cinnaka jarumi ne, amma ba ya shiri da ɗan'uwansa. Kowane rami uwa ɗaya, kowa da iyakarsa. Wannan kuwa uwayenta da yawa, kuma duk gidanki gida ɗaya ne a wajenta. Ba ta ɓata ƙarfinta a kan 'yar'uwarta. Ita ke fara ganin abinci, ita ke fara tara jama'a. Duk mai cin abin da take ci sai ya bar mata wuri."

Yaya ta ce, "Ikon Allah. Yanzu har tururuwa sai an yi mata boko?"

Malama ta yi dariya. "Mama, albashina ke nan, kar ki tona mini asiri." Sai ta juyo gare ni. "Abin da ban gane ba, yadda ta samu shiga. Ɗaya da ɗaya ba ta iya tsayawa gaban cinnaka. In da akwai shi a tsakar gidan nan, da tana nan maƙale inda ta sauka, duk wadda ta fito a kama ta. Da ina ganin ramuka a gidan nan. Ina suke?"

Yaya ta dubi katanga. Na ce, "Ni na sa aka kashe su."

Malama ta kakkaɓe hannunta. Ta tashi ta bi gudun tururuwar da ido har gindin katanga, ta ɗaga leda ɗaya ta mangwaro. Ƙarƙashinta ƙasa ta motsa gaba ɗaya. Fararen ƙwai kamar garin rogo, da wasu manya-manya a cikinsu suna neman wurin ɓuya.

"Ga uwayen nan. A cikin wannan ƙasar suka zo. Ba 'yan nan ba ne, zafin Dutse ya fi ƙarfinsu, laima ce ke riƙe su. Ki busar da gidan nan, ki fitar da ƙasar ledojin nan ki shanya a rana, kafin ruwa ya sauka. In damina ta same su a haka, ko'ina ya zama nasu."

Na ce, "Dashen fa?"

"A wanke saiwar a sake musu ƙasa. Amma a zafin nan, ba zan yi miki ƙarya ba, da wuya su tashi."

Yaya ta ajiye carbinta. "Ba za a taɓa su ba."

"Mama..."

"Malama, ke baƙuwa ce a wannan maganar, ki yi haƙuri. Amarya, ke kin sani. Wanda ya dasa itace, duk wanda ya ci, duk tsuntsun da ya sauka, ladan na isa gare shi har cikin kabari. Ƙanena bai gina masallaci ba, bai haƙa rijiya ba. Waɗannan biyar ɗin su ne sadakarsa mai gudana. Za ki yanke masa ita saboda tsuntsu? Tsuntsun da ake yankawa a yi farfesu?"

Abin da ta faɗa ni ma shi aka koya mini.

Sai muka yi rabin magani. Malama ta kawo baƙin mai daga wajen makaniki, muka sa kowace ƙafar rumfa a cikin gwangwanin madara muka cika da shi. Na ɗora randa a kan duwatsu, na ɗaure bakin famfo da roba ya daina ɗiga. Dashen kuwa Yaya ta ci gaba da ba su ruwa safe da yamma, tana yi tana juya mini baya.

Shuɗiyar ta yi ƙwai biyu ta hau kwanci. Malam ya taɓa gaya mini kwana goma sha takwas suke yi. Na samu gawayi ina jan layi a bangon kicin.

Kwana goma sha ɗaya lafiya. A na sha biyu, da hantsi, na ga tururuwa guda uku a bakin tukunyar. Na duba gwangwanayen, mai na nan, babu wadda ta ƙetare. Na zagaya rumfar sau biyu kafin na ɗaga kai. Igiyar shanya ce. Ni na ɗaura ta daga ƙusar kicin zuwa ginshiƙin rumfar shekaranjiya, da na wanke zanina. Suna tafe a kanta a jere, karo na farko da na gan su sun bi layi. Na yanke ta da wuƙa.

Washegari iska ta jefa karan dawa ɗaya a cikin gwangwani, suka mai da shi gada. Na cire. Jibinsa ƙura ta kwanta a kan man ta yi fata, suka taka suka wuce. Na zama ba na iya cin abinci sai ina fuskantar rumfar. Ina sallah hankalina na can, Allah ya yafe mini. Na gane cewa muddin suna da yawa haka, ni ɗaya ce da ido biyu, su kuwa ba sa gajiya da neman hanya. Kuma ƙwai ba ya jawo su sosai. Ranar da ɓawo ya fashe, ƙarnin ya fita, ranar ce za su zo gaba ɗaya.

Ranar kwana goma sha biyar hadari ya haɗu a gabas da la'asar, ya yi duhu, ya yi iska, sannan ya watse bai zubar ba. Yaya ta ce, "Alhamdu lillahi, ya kusa. Ana yin na fari mu dasa su."

Washegari da rana ta take na jawo fallen kwano biyu da suka rage daga rufin kicin na shimfiɗa a tsakiyar gida, inda babu inuwa. Na bari suka yi zafin da ba a iya taɓawa. Yaya na kwance a ƙofar ɗakinta tana fifita. Ban ɓoye mata ba. Na ɗauko ledar farko na wuce ta gabanta.

"Amarya, me za ki yi?"

"Zan sake musu ƙasa, Yaya."

"Na ce kar a taɓa."

"Na ji."

"Kin ji, kuma kina yi?" Ta tashi zaune. "Shekara ashirin ban taɓa jin kin musa mini ba. Sai yau da babu shi?"

Na tsaga ledar da wuƙa. Ƙasar ta zube a kan kwanon, tururuwan suka fashe kamar an watsa barkono, kowace da farin ƙwai a baki, suna hawa hannuna har kafaɗa, har cikin ɗankwalina. A kan kwanon ba sa yin taku goma sai su nannaɗe. Uwayen da suka nufi gefe na bi su da bayan ludayi. A leda ɗaya na kashe bakwai, daga nan na daina ƙirga.

Yaya ta ce, "Ki ji tsoron Allah. Me za ki ce masa ranar da kuka haɗu?"

Na ce, "Ban sani ba, Yaya."

Gaskiya na faɗa mata. Na yi ta biyu, na yi ta uku. A ta huɗu ta shiga ɗaki ta saki labule. Na wanke saiwar kowanne a bokiti a hankali kamar wankan jariri, na sa su a yashin da na soya a tukunya ya huce, na kai su inuwar zaure. Wurin da suka tashi na kankare jiƙaƙƙiyar ƙasar na watsa a rana, na zuba toka. Ko da na gama la'asar ta yi, fatar hannuna ta yi ja, kaina na sarawa.

Kafin kwana biyu ganyen mangwaron ya sunkuya. Lemon ya ɗan jure, shi ma ya bi. Ina ba su ruwa da kofi, ina sanin ba zai yi ba.

Ranar sha takwas na idar da sallar asuba na ɗauko kujera 'yar tsuguno na zauna a gindin rumfar. Da gari ya waye sosai farin ya karɓi matarsa a kwanci, a tsakanin tashinta da zamansa na ga huda a jikin ƙwai ɗaya, ƙarama kamar ta allura, da ɗan baki na motsi a ciki. Na duba ƙafafun rumfar ɗaya bayan ɗaya. Na duba sama, na duba bango. A ƙasa akwai su, amma jefi-jefi, suna gudunsu na banza a kan busasshen yashi. Wajen hantsi guda biyu suka iso bakin tukunyar, ban san ta ina ba har yau. Na murƙushe su da ɗan yatsa, farin ya sare ni a hannu har ya yi jini. Ban tashi ba sai don sallah. Malama ta dawo daga aiki ta same ni a wurin, ta karɓe ni na ci abinci a tsaye.

Kafin magariba ɗan ya fito. Ɗaya. Ɗayan ƙwan muka jira shi kwana uku, baragurbi ne, ba laifin kowa ba.

Ruwan fari ya sauka bayan kwana huɗu. Baƙuwar ta ƙaru kamar yadda Malama ta ce, amma ba kamar da ba, kuma zuwa lokacin ɗan ya buɗe ido yana iya kakkaɓe kansa. Har yau ban rabu da ita ba. Kowane mako ina ɗaga randa, ina sake mai a gwangwani. Dashen biyar duk suka bushe. Ban jefar ba sai da Yaya ta fitar da su da kanta, ba ta dube ni ba.

Kwana tara ba ta yi mini magana ba sai ina kwana da sai da safe. A na goma ina watsa dawa na ji ta a bayana.

"Ina abin naki?"

Na sa hannu a tukunya na fito da shi. Ya cika tafina, ɗumi gare shi, rabi tsirara, da ƙaton baki da gashi rawaya tsilli-tsilli. Ta karɓa da hannu biyu ta kawo shi kusa da idonta, don ba ta gani sosai.

"Kai, wannan mummuna ne."

"Zai gyaru, Yaya."

"Haka ƙanena yake ranar da aka haife shi. Ni na fara ɗaukarsa bayan ungozoma. Na ce Inna, mai da shi, a ba mu wani." Ta shafa kansa da babban yatsa. "Ina da shekara tara."

Uwar ta sauko bakin tukunya tana gurnani. Yaya ta ce mata, "To, to, ga kayanki, wa zai ci wannan?" Ta miƙa hannu ta mayar da shi da kanta, ta goge tafinta a zani, ta tambaye ni ko akwai sauran koko.